Taure Mai Shuɗin Ƙyalle

Alhamis, 9 ga Oktoba, 6:40 na safe

Baƙi sun tafi. Na tsaya a ƙofar ger, zagayayyen tantinmu na gashi, har motarsu ta ɓace bayan rijiya, sannan na shigo na ɗauko littafin nan. Na ƙungiya ne, irin wanda ake ba mu masu hange mu riƙa rubuta inda muka ga Mai Wutsiya da lokacin da muka gan ta. A gaba na rubuta na jiya yadda aka koya mana: Laraba, 4:15 na yamma, Baƙin Kwazazzabo, mace, tana kan nama, 'ya'ya biyu a bayanta. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Wannan kuwa daga bayan littafin nake rubuta shi, kuma zan yage kafin in mayar.

Mista Han ya yi kuka. Mutum da furfurarsa, zuwansa uku ke nan daga Koriya, sau biyu masu hangen wasu kwaruruka suka sallame shi bai ga ko jela ba. Jiya ya kalle ta minti arba'in. Ya riƙe hannuwana yana ta zuba, tafinta ta ce wai yana cewa ni ce idon hamadar Gobi. Da ya shigo shan shayi sai faɗi yake da ƙarfi, damisar ƙanƙara, damisar ƙanƙara, Inna tana ta runtse ido. Mu ba ma kiran sunanta a inda ake kwana, shi ya sa muke ce mata Mai Wutsiya.

Shekara tara ina wannan aiki, baƙona bai taɓa komawa gida haka nan ba. Wannan karon kwana shida muna daskarewa a kan duwatsu, ko kashinta ban gani ba. Har Lhagva, ƙanena, wanda ba shi da aiki sai bin awaki da surutu, ya samu bakin cewa, "Yaya, ko dai a sayo wa madubin hangen nesan naki madubi?"

To, baƙo ya gani. Ya kamata in yi murna. Amma sau biyu madara tana zube mini.

Alhamis, 6:30 na yamma

Lhagva ya shigo da garke, ya tsaya a bakin ƙofa bai cire hula ba.

"Yaya, ina Tsoho? Jiya ma ban gan shi ba, na ɗauka yana bayan ɗaki yana sarautarsa."

Na ce ina zan sani, ni da na wuni a kan dutse. Inna tana gefen murhu tana jan carbinta. Idonta ya yi hazo, ba ta gane fuska sai an matso, amma kunnenta ras yake. Ta ce, "Wa aka rasa?"



Tsoho farin taure ne. Bayan mugun sanyin nan da ya share dabbobin mutane ya bar mana awaki saba'in, Inna ta kira lama, malamin addininmu, aka wanke shi da madara, ta ɗaura masa shuɗin ƙyallen siliki a wuya, aka ba Maigidan Dutse shi, wato ruhun da ke mallakar dutsen da namun dajinsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba a yanka shi, ba a sayar da shi, ba a taje gashinsa, ko kai ya tsoma a buhun gari sai dai a lallashe shi ya fito. Ranar da ya mutu a ɗauke shi da ƙyallensa a kai shi tudu.

Haƙoransa duk sun zube. Ba zai ga ƙarshen sanyin bana ba, kowa ya san haka. Dama can tudu za a kai shi.

Asabar, 11 ga Oktoba, 8:00 na safe

Lhagva ya tambaye ni ta ina zai fara nema. Na ce ya bi gabas, wajen tsohuwar rijiya. Ya hau babur ya bi gabas. Baƙin Kwazazzabo yana yamma.

Lahadi, 12 ga Oktoba, tsakar rana

Na riƙe wa Inna hannu ta fita yayyafa madarar safe, gabas, kudu, yamma, arewa. Da ta juya wajen dutse na kawar da kaina.

"Ya dawo?"

"Tukuna, Inna."

"Zai dawo. Wannan ɗan kwaɗayin ba ya kwana uku bai zo ya lashi gishiri a tafina ba."

Ta taɓa aljihunta, gishirin yana nan.

Dama can ya tsufa.

Talata, 14 ga Oktoba, 5:00 na yamma

Tsermaa ta zo. Ita ce shugabar ƙungiyarmu, kuma gadonmu ɗaya a makarantar kwana, ta san ni tun ina kukan gida. Ta shigo da ledar alewa tana ihu tun daga waje.

"Ke Yanjaa, mayya! Kwana shida shiru, ranar ƙarshe ki zaro ta daga aljihu? Faɗa mini gaskiya, lambar wayarta gare ki?"

Na yi dariya, dariyar ta fito kamar tari.

Ta ce Mista Han zai turo hotuna. Daga nan ta shiga ba ni labarin wani kwari can arewa da aka rufe shekara biyu, babu baƙo ko ɗaya, saboda an kama wani mai hange yana ɗaure ɗan akuya a hanyar da take bi.

"Ki ji rashin hankali. Dabba ta ɗanɗana na gida, ta gane ba ya gudu, ba ya tunkuyi, shi ke nan ta ajiye farauta ta sauko. Daga nan sai wani ya ɗauko bindiga. Shi baƙo yana can ƙasarsu ya rataye hotonsa a bango. Mu dai da sauƙi, mutanenmu akwai kunya."

Na ƙara mata shayi har ya tumbatsa ya zubo mata a gwiwa.

Dokokin nan ni na taya ta rubuta su, a kan wannan teburin. Baƙi shida kawai a lokaci guda. Ba a matsa mata ƙasa da taku ɗari biyar. Ba a zuwa bakin kogonta. Ba a ba ta komai. Mu makiyaya kuma ba mai taɓa ta, a maimakon haka da abin da baƙi suka kawo ake rufe saman ɗakunan awakinmu da ragar waya. Gida goma sha huɗu suka sa hannu. Na ƙarshensu Baba Gombo ne, maƙwabcinmu, wanda ya shekara arba'in yana ɗana tarko. Wata uku na yi ina zarya gidansa, na sha shayin matarsa har na gaji, kafin ya kwaso tarkunan ya miƙa.

Laraba, 15 ga Oktoba, 7:10 na safe

Sawu a bakin rijiyarmu. Babba, zagayayye, babu alamar farce. Na share da ƙafa kafin Lhagva ya fito.

Alhamis, 16 ga Oktoba, 7:00 na safe

Kare ya ƙi fitowa daga ƙarƙashin amalanke. Na kai masa ƙashi, ko shinshinawa bai yi ba.

Na zagaya ɗakin awaki sau biyu ina jan ragar in ji ko ta saki. Ba ta saki ba. Na shigo, na zauna, na sake fita na ja.

Juma'a, 17 ga Oktoba, 4:30 na yamma

Baba Gombo ya zo a kan raƙuminsa. Ya zauna, ya karɓi shayi da hannu biyu, ya tambayi lafiyar Inna da ta dabbobi da ta kaka, ya miƙa wa Lhagva kwalbar tabarsa ya shaƙa ya mayar. Na dai san Baba Gombo ba ya taka gidan mutum don shayi.

"Biyu ta kashe mini jiya," ya ce. "Rana tsaka, ina kallo. Tsakanina da ita bai fi daga nan zuwa rijiyarku ba. Na yi ihu, ta ɗago ta dube ni kamar ni na shigo mata gida."

Lhagva ya ce, "Baba, ai labarin kitsen awakinka ne ya kai mata. Mu namu ƙashi ne zalla, wa zai wahalar da kansa?"

Bai yi dariya ba. Ni ya fuskanta, ya kira ni da sunan Inna kamar yadda ya saba.

"'Yar Dulmaa, ke kika zo kika ce mini in mun bar ta za ta bar mu. Shekara tara ta riƙe alkawari, ban musa ba. Awakin dutse sun cika kwazazzabo, sun fi na zamanin ubana yawa, ba yunwa ba ce. To me ya sauko da ita? Ni a sanina, wadda ta karya alkawari da kanta, Maigidan Dutse ya cire hannunsa daga kanta. Wanda ya kashe irin wannan ba zai kwashi baƙin sawu ba."

Baƙin sawu. Ka kashe ta ba da hakki ba, masifa ta biyo sawunka har gida, ta bi 'ya'ya ta bi jikoki. Na daɗe da sanin cewa wannan tsoron ne ya riƙe hannun Baba Gombo duk shekarun nan, ba takardar da muka ba shi ya dangwala ba.

Na ce, "Tana da 'ya'ya biyu, Baba. Watansu huɗu. In babu ita ba za su yi mako ba."

"Ni ma ina da jikoki, kuma madara suke sha."

Tarkuna ya miƙa mana wancan lokacin. Bindigar ba wanda ya tambaye shi.

Asabar, 18 ga Oktoba, da hantsi

Ba ita ta karya ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, 3:00 na yamma

Tsermaa ta je birnin Dalanzadgad ta wanko hoton, girmansa ya kai murfin akwatin Inna. Za a rataye shi a ger ɗin baƙi, amma ta ce sai mai ido ta fara gani. Ta warware shi a kan gado.

Mai Wutsiya tana tsaye, jelar ta naɗo har gabanta, 'ya'yan suna leƙe ta bayan dutse. Naman kuwa dutse ya kare shi, sai ɗan farin gashi. Na fara sauke numfashi ke nan sai na gan shi, ƙarƙashin ƙafarta ta gaba. Shuɗi. Bai fi tsawon ɗan yatsa ba.



Na yi niyyar kwance wa Tsoho ƙyallen ranar da na kai shi dutse. Na sa hannu a ƙullin na kasa. Muddin ƙyallen yana wuyansa na Maigidan Dutse ne, ni rakiya kawai na yi masa zuwa wurin mai shi, na ɗan riga lokaci ne kawai. In na kwance kuwa, akuya ce ɗaure a turke, ni kuma na zama irin mutumin arewa. Haka na yi ta gaya wa kaina da sassafen nan, shi kuma yana tauna mini hannun riga da dasashinsa.

Lhagva ya sa yatsa. "Wannan shuɗin fa?"

Tsermaa ta ce, "Ƙyallen tsibin duwatsun addu'a ne iska ta kwaso, ai sun cika dutsen. Ka ga ma ya ƙara wa hoton albarka."

Lhagva ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce bari ya je ya duba raƙuma, alhali da safe ya duba su.

Inna ta ce, "Ku ba ni in gani mana, ko makafi ba sa cikin ƙungiya?"

Ta kai shi dab da hancinta. Ba na jin ta ga dabbar, toka-toka ce a kan dutse toka-toka. Babban yatsanta ya yi ta yawo a kan takardar, ya zo wuri ɗaya ya tsaya. Ya daɗe a wurin.

"Ya yi kyau," ta ce, ta miƙa wa Tsermaa.

Bayan sun fita na ga ta zazzage gishirin aljihunta ta mayar cikin buhu.

Talata, 21 ga Oktoba, 6:00 na yamma

Yau Inna ba ta tambaya ba. Gara mini tambayar.

Laraba, 22 ga Oktoba, tsakar rana

Mako biyu. Lhagva ya daina tsokanata. Ya ci abinci, ya goge kwano, ya fita. Ban taɓa zaton zan yi kewar bakinsa ba.

Dama ya tsufa. Na rubuta wannan sau nawa? Ko ni ya daina shigata.

Alhamis, 23 ga Oktoba, 2:00 na rana

Na hau ni kaɗai in ɗauko igiya da turke, kada wani ya riga ni. Ƙahoni suna nan, da ƙashin baya, ungulaye sun gama da sauran. Ƙyallen ya maƙale tsakanin duwatsu biyu, gefe ɗaya ya yi baƙi ya ƙandare. Na cusa shi a ƙirjin rigata, na tumɓuke turken, na fara naɗe igiya.

Sai na ji ƙeyata ta yi sanyi. Na juya a hankali.

Mai Wutsiya tana kwance a kan wani faffaɗan dutse, taku talatin ko ƙasa da haka, ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta. Shekara tara ina ganinta ta cikin madubin hangen nesa, ko sau ɗaya ba ta bari na gan ta da ido tsirara ba. Ba ta yi gurnani ba, ba ta tashi ba. Ba fuskata take kallo ba ma. Hannuna take kallo, wanda ke riƙe da igiya. Jira take in ɗaure mata wani.

Sama da ita awakin dutse sun kai ashirin suna kiwo, ko kallo ba su ishe ta ba.

Na sauko da baya da baya. Da na kai gindin dutse na yi amai. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa ji ba ko ranar da guguwa ta ritsa ni da garke. Ba wai za ta cinye ni ba. Ta san ni ne, kuma ta san abin da na yi.

Juma'a, 24 ga Oktoba, 5:15 na yamma

Sababbin baƙi ran Talata, mutum biyar. Tsermaa ta ce sun ga hoton, da sunana suka nema.

Asabar, 25 ga Oktoba, 7:30 na safe

Oba-oba ta yi ƙara ina tatsa. Muryar Tsermaa ce, babu gaisuwa. "Yanjaa, taho gidan Baba Gombo yanzu-yanzu."

Asabar, 5:40 na yamma

Mai Wutsiya ta samu inda ragar ta ɗage a kusurwa, ta faɗa ɗakin awakin Baba Gombo. Shiga ta yi sauƙi, fita ta gagara. Awaki suka rikice, ita ma ta rikice, ta yi ta kisa. Goma sha bakwai. Da gari ya waye ya buɗe ƙofa masu rai suka rugo, ita ta lafe a lungu, ya mayar ya rufe, ya danne ragar da duwatsu. Tana ciki har yanzu.

Kafin in isa babura sun cika wurin. Matarsa tana zaune a ƙasa tana kiran awakin da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Na hau katanga na leƙa ta ragar. Ta dunƙule a kusurwa, jini ya bushe mata a fuska, hakarkarinta yana sama yana ƙasa. Nonuwanta a cike suke.

Baba Gombo yana zaune a kan kifaffen bokiti, bindiga a cinya. Tsermaa ta tsuguna a gabansa tana roƙo. Ta ce jami'in gandun daji ya taso, motarsa ce ta mutu a hanya, sai gobe.

"Baba, ka ba ni zuwa gobe tsakar rana. Ka dubi girman dutsen nan."

"Zuwa gobe tsakar rana, shi ma don uwarki ce ta karɓi haihuwar ɗana. In ya zo ya sa ta a keji ya kai wa mutanen birni su yi ta ɗaukarta hoto. In bai zo ba ni na san abin yi. Dutse dai ba za ta koma ba."

Wani daga baya ya ce, "To in an kashe ta baƙin me za su zo gani, mu?" Wani ya ce masa ya je ya faɗi haka ga matar da ke zaune a ƙasa. Aka fara hayaniya. Baba Gombo ya ɗaga hannu, ya juyo wajena.

"'Yar Dulmaa, ke ce aka ce idon Gobi. Kin fi kowa saninta. Faɗa mana, me ya same ta?"

Mutum ya kai ashirin, duk suka zubo mini ido. Ƙyallen yana ƙirjina, ina jin kaushinsa a fatata. Lhagva yana tsaye jikin baburinsa yana kallon ƙasa. Na buɗe baki.

Na ce, "Wataƙila haƙorinta ne ya karye."

Na dawo gida. Iska ta juyo daga arewa, irin mai yanka kunne. 'Ya'yan suna can su kaɗai tun jiya. Akwai gaggafa biyu a kwazazzabon nan, ni na rubuta su a littafi da hannuna, akwai kuma kyarkeci.

Lahadi, 26 ga Oktoba, 6:15 na safe

Ruwan bokiti ya daskare har ƙasa. Ban runtsa ba.

Inna ta riga ni tashi, ta hura wuta, ta dafa shayi da kanta, abin da ta daina tun bara. Ta lalubo hannuna ta sa mini kwanon.

"Ki sa koriyar rigarki," ta ce. "Ba a tsayawa gaban mutane da rigar tatsa."



Gida goma sha huɗu. Matan da suka yi wata biyu suna ɗinka takalman gashi don baƙi. Tsermaa. Ina jin tsoro. Na sa rigar.

Lahadi, 4:50 na yamma

Na faɗa.

Jami'i bai iso ba. Da rana ta kusa tsaka Baba Gombo ya miƙe, ya ciro harsashi ya sa. Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni gabansa ba. Na zaro ƙyallen na shimfiɗa a kan bokitin da ya tashi daga kai. Babu wanda bai gane shi ba, don babu gidan da Tsoho bai taɓa shiga an roƙe shi ya fita ba.

"Baba, ba ita ta karya alkawari ba. Ni ce. Ran Laraba da sassafe na ja tauren Inna na kai shi Baƙin Kwazazzabo na ɗaure a turke, don baƙona ya gani. Ni na koya mata."

Wata tsohuwa ta ce, "Tauren dutse? Wayyo mu!" ta haɗa hannuwa a goshi.

Tsermaa ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Na zauna a ɗakinki ina zagin mutumin arewa, ke kina zuba mini shayi."

Lhagva ya ce, "Kwana biyu ina yawo a gabas ina kiran sunansa, Yaya."

Baba Gombo ya daɗe yana kallon ƙyallen.

"Da kin bar ni na harba ke nan," ya ce. "Baƙin sawu ya shiga gidana ya bi jikokina, ke kina can kan dutse da madubinki ana tafa miki." Ya zare harsashin ya jefa a aljihu. "Jiya na tambaye ki. A gaban mutane na tambaye ki, 'yar Dulmaa."



Shi da kansa ya ɗaura doguwar igiya a ƙofar ɗakin awakin. Kowa ya shige mota ko ger, aka ja. Ta fi minti ashirin ba ta motsa ba. Da ta fito, ta tsaya tana lumshe ido a hasken rana, sai Baba Gombo ya yi ihu a buga. Aka buga tukwane, aka danna hon, ya harba sama sau biyu, don ta tuna mu ba abokanta ba ne. Ta zabura ta bi yamma, ko waiwaye ba ta yi ba.

Kwana biyu ke nan rabonta da 'ya'yanta.

Laraba, 29 ga Oktoba, 6:00 na yamma

An yi taro. Tsermaa da kanta ta kira hukuma ta faɗa, ta ce gara su ji daga bakinmu. An mayar da baƙin Talata daga hanya, an rufe kwarinmu har kaka mai zuwa, daga nan a sake dubawa. Na ajiye madubi da oba-oba a kan tebur, ba wanda ya ce in ajiye, ba kuma wanda ya ce in ɗauka. Maza za su riƙa bin garke bibbiyu suna buga gwangwanaye har Mai Wutsiya ta manta hanya.

Lhagva ya zaɓi awaki masu kyau goma sha tara daga namu ya kora gidan Baba Gombo. Ya dawo ya ce matar ta karɓa, shi bai fito ba.

Matan ɗinki sun wuce ta ƙofarmu a babura uku. Hayaƙi yana fita daga bututunmu, shayi yana kan wuta, ba su tsaya ba. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin an wuce ƙofar Inna ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba, 11:00 na safe

Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka. Na hau da idona kawai.

A bakin kwazazzabo na tarar da ragowar akuyar dutse, sabuwa, jinin bai gama daskarewa ba. Da ƙarfinta ta kama. Na zauna a ƙasa na yi kuka don daɗi, ni kaɗai kamar mahaukaciya.

Sannan na ga sawun. Nata babba, yana hawa. A gefensa ƙarami.

Na bi su har inda dutse ya miƙe tsaye. Na durƙusa na duba ko ɗayan yana taka sawun ɗan'uwansa, suna yin haka wani lokaci. Na koma baya na sake bi. Sau uku.

Ɗaya ne.

Ran Asabar aka tambaye ni. Ran Lahadi na amsa.

Litinin, 3 ga Nuwamba, 9:00 na safe

Inna ta wanke ƙyallen, tabon bai fita duka ba. Ta ce lama ya zo daga baya ya yi nasa, ita ba za ta shiga sanyi dutse ba shi da rabo a garkenta ba. Ta sa Lhagva ya kamo wani farin ɗan akuya na bana, mai tsalle kamar an sa masa wuta. Ya zo zai riƙe mata, ta ce a'a, Yanjaa za ta riƙe.

Na durƙusa na rungume shi, zuciyarsa tana bugawa a tafina. Ta zuba masa madara a goshi, ta bi bayansa har jela. Yatsunta suna laluben wuyansa.

Na ce, "Inna, ɗaya na gani."

"Na ji."

Ta zagaya ƙyallen, ta ƙulla, ta ja ƙullin da haƙori.

"Riƙe shi da kyau. Wannan kuma ki bari ya mutu da kansa."

Na sake shi ya ruga cikin garke yana girgiza kai.

A gaban littafin na rubuta na ƙarshe yadda aka koya mana: Asabar, 11:00 na safe, Baƙin Kwazazzabo, sawu, mace, ɗa ɗaya. Gobe Lhagva zai kai wa Tsermaa littafin. Ban yage komai ba.